Yadda Ake Gane Ko Kuɗin Tsohon Injin Zarto Ya Yi Daidai Kafin A Biya

Injin zarton ɗamara, wanda kafintocin Yamai suka fi kira siya-ruban, ba shi da tsayayyen farashi da zarar ya zama na hannu. Mai shi zai faɗi abin da bakinsa ya so, dillali ya ɗora nasa a kai, kai kuma da ka gaji da jigilar katako zuwa injin wani kana biyan kuɗin yanka, zuciyarka ta riga ta tafi tun kafin ka taɓa ƙarfen. Kuɗin da za ka miƙa wa mai inji wani yanki ne kawai na cinikin. Ainihin farashin shi ne duk abin da zai fita daga aljihunka har ranar da injin ya tsaya a shagonka, ya tsaga katako a miƙe. Da wannan ma'auni za ka auna komai, daga fenti har moter.

Da farko, ka san aikin da kake nema masa

Girman wannan inji ana faɗinsa da faɗin wilinsa, wato ƙarafan nan biyu masu juyawa, na sama da na ƙasa, waɗanda zarton ya zagaye. Mai milimita 350 ƙarami ne, ya dace da yanka lanƙwasa: ƙafar kujera, kan gado, kwalliyar ƙofa. Mai 500 zuwa 600 shi ne injin shagon da ke aiki kullum. Mai 700 ko 800 na mai tsaga manyan katakai ne, irin waɗanda ake saukewa a kasuwar Katako, yana mai da su falankai.

Ka auna katako mafi kauri da ka saba tsagawa, ka rubuta lambar. In ka je wurin injin, ka ɗaga sandar jagorar zarto, wato sandar da ke riƙe zarton a saman tebur, har ƙarshe, ka auna daga tebur zuwa ƙasanta. In katakonka ba zai shiga ba, ciniki ya ƙare nan, ko da kyauta-kyauta aka sa masa kuɗi. Ka kuma tabbata injin katako ne. Akwai na yankan ƙarfe, wanda zartonsa ke tafiya a hankali ƙwarai, akwai na mahauta masu yankan nama da ƙashi. Daga nesa duk kamanninsu ɗaya, kuma akan samu wanda zai ce maka ai canja zarto kawai za ka yi.

Wutar shagonka

Nan ne kuɗi ya fi ɓuya, shi ya sa zan daɗe a kansa. Wutar da NIGELEC ke bayarwa a gidaje da ƙananan shaguna mai layi ɗaya ce, bolt 220 zuwa 230, a kan 50 Hz. Manyan injuna kuwa yawancinsu tirifaze ne, masu layi uku, bolt 380 zuwa 400. Duba kwanter ɗin shagonka kafin ka fita. In naka mai layi ɗaya ne, injin kuma tirifaze, to akwai wani kuɗin da ke jiranka wanda mai sayarwa ba zai ambata ba.

Jikin kowane moter akwai ɗan farantin ƙarfe mai rubutu. Ka goge shi da tsumma ka ɗauki hotonsa. In ka ga 220/380, kuma ƙarfinsa bai wuce kilowat 2.2 ba, ana iya haɗa masa akwatin da ake kira bariyater, ya karɓi wutar layi ɗaya ya fitar da uku. In ka ga 380/660 ko 400/690, wannan dabara ba za ta yi da bariyater na yau da kullum ba, sai dai ka nemi kwanter tirifaze ko ka canja moter gaba ɗaya. Kowanne ka zaɓa, ka tambayi mai gyaran lantarki kuɗinsa tun yau, ka rubuta.

In farantin ya nuna 110 ko 120 da 60 Hz, yawanci injin daga Amurka ko Kanada ya fito. Ba ya shan wutarmu kai tsaye. Ko an sa masa taransifoma, zai juya da kashi 5 cikin 6 na gudunsa, ya riƙa zafi fiye da ƙima. Irin wannan ka yi masa kuɗi kamar ba shi da moter.

Ƙarfin moter ya kamata ya yi daidai da girman inji. Ƙaramin mai 350 yakan zo da ƙasa da kilowat 1 ko ɗan sama da haka, mai 600 kuwa yakan zo da kilowat 2 zuwa 3. Ka lura da lambar juyi ma: 1400 da ɗoriya a minti, ko 2800 da ɗoriya. In moter na asali ya ƙone aka maye gurbinsa da mai juyi ninki biyu ba tare da an canja fuli ba, wato ƙarfen da bel ke zagayewa, zarton zai yi gudun da ya fi ƙarfinsa, ya riƙa ƙona katako yana tsinkewa. Ramukan bulon da aka huda sabbi a mazaunin moter su ne alamar an taɓa canja shi.

Sai batun gurup, wato janareta. Duk wanda ya riƙe shago a Yamai bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin wutar da ke zuwa ta Birnin Kebbi, ya san inji ba wuta kayan ado ne, kuma ko a shekarar lafiya watannin zafi ba sa rasa ɗauke wuta. Moter yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 a daidai lokacin tashi. Gurup ɗin da ke riƙe maka fitila da injin goge katako zai iya durƙushewa da ka danna maɓallin zarto. In za ka dogara da gurup, ka nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na moter sau 2 zuwa 3.

Ka samo rufi da ƙasa

Kafin ka ji bakin mai inji, ka samo lambobi biyu.

Ta sama ita ce kuɗin sabo, irin girmansa, a ajiye a Yamai. Ka zagaya masu sayar da injuna ka tambaya, har da na Sin, domin su ne abokan gogayyar tsohon injin Turai a kasuwarmu. In suna ne irin Centauro, SCM, Meber ko Agazzani na Italiya, ko Guilliet da Lurem na Faransa, ka duba a intanet nawa ake sayar da makamancinsa da yuro. Juyawa zuwa sefa ba wuya, tunda yuro 1 a tsaye yake a kan sefa 655.957. Injin yuro 3,000 ya kama miliyan 1 da jika 968 ke nan, tun bai bar Turai ba. A kan wannan za a ɗora kuɗin jirgin ruwa, na mota, na duwan, da harajin TVA kashi 19 cikin ɗari. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa suka koma bin hanyar Lome ta Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Wannan ya ɗaga darajar duk injin da ya riga ya shigo gari, kuma masu su sun san haka, don haka kada ka zo da farashin shekarun baya kana jayayya.

Ta ƙasa kuwa ita ce abin da za ka samu in injin ya mutu murus gobe: nauyin ƙarfensa a wurin masu sayen bola a kilo, da kuɗin moter in yana da rai. Mai 600 yakan kai kilo 250 zuwa 300, tsofaffin masu ƙarfen zubi sun fi haka. Tambayi kuɗin kilo a Katako ka lissafa.

A nawa ganin, injin da ke aiki lafiya, babu abin da ya ɓata a jikinsa, wurinsa kusan rabin kuɗin sabo ne. In na Turai ne mai nauyi da aka riƙe da kyau, zai iya haura haka, har ya yi kafaɗa da sabon na Sin mai siririn tol, wato fallen ƙarfe, kuma ni zan zaɓi tsohon. In ya wuce kashi 70 cikin ɗari na sabo irinsa, gara ka ƙara haƙuri ka sayi sabon.

Abin da za ka tafi da shi

Tocila, alli, tsumma, ɗan kananzir a gora, tef ɗin awo, sikwaya, miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawo, da guntun jan katako mai tauri da kauri, irin iroko. In da hali, ka san tsawon zarton ta waya ka sayi sabo ka tafi da shi, domin da dakusasshen zarto ba za ka bambance laifin inji da na zarto ba. Ka ɗauki mai gyaran lantarki da abin awon wutarsa mai kama waya, ka biya shi kuɗin yininsa. Ka je da rana tsaka. Hoton WhatsApp da bidiyon daƙiƙa goma cinikin biri a sama ne, ko daga hannun wa suka fito.

Gangar jiki: abin da ba ya gyaruwa

Zare waya daga soket da hannunka kafin ka buɗe ƙofar inji. Kada ka wadatu da an ce maka an kashe.

Lahanin wannan inji kashi biyu ne. Akwai wanda kuɗi kaɗan ke kawarwa, akwai wanda zai bi injin har kabarinsa. Masu saye da yawa suna tsorata da tsatsa da tsagaggiyar roba, waɗanda ba komai ba ne, su wuce tsagewar ƙarfe ba su gani ba saboda sabon fenti ya rufe ta. Sabon fenti a kan tsohon inji dalili ne na ƙara buɗe ido. Ka tambaya cikin raha: “Alhaji, wannan kwalliya ta me ce?” Ka saurari amsar, sannan ka haska tocila a wuraren da fentin ya fi kauri.

Wuri uku za ka bi. Na farko wuyan inji, ginshiƙin da ya haɗa sama da ƙasa, domin shi ke ɗauke da dukkan jan zarto. Na biyu mazaunin wilin sama, inda ake ɗaure zarto da saita shi. Na uku ƙarƙashin tebur, ƙarfen nan mai siffar rabin wata da tebur ke karkata a kai. Wannan na ukun shi ya fi karyewa, saboda 'yan dako sun saba ɗaga inji ta tebur.

In kana zargin wani wuri, ka shafa masa kananzir, ka bari ya ɗan jima, ka goge shi tas har ya bushe, sannan ka goga alli. Ka tsaya ka kalla. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo waje, sai ka ga siririn layi mai duhu yana fitowa a kan farin allin. Abin ba ya wuce 'yan mintuna, kuma mai inji yana tsaye yana gani, ba sai ka yi gardama da kowa ba.

Walda a kan gangar tol mai kauri, in an yi ta da kyau, ana iya zama da ita. Walda a kan ƙarfen zubi wani abu ne daban. Yana buƙatar sandar walda ta musamman mai nikel, da dumama ƙarfen, da barinsa ya huce a hankali, kuma ba kowane mai walda ke bin wannan ba. In ka ga walda a wuya ko a jikin wili na ƙarfen zubi, ka yi sallama ka tafi. In a ƙarƙashin tebur ne, ka rage kuɗi sosai.

Wili biyu

Sassauta zarton ka cire shi, ka yi hankali da haƙora. Kama wilin sama da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka jijjiga. Akwai ɗan motsi na mazauninsa wanda ba laifi ba ne, tunda an yi shi ne don saiti. Abin da kake nema shi ne ƙaf-ƙaf a tsakiyar wilin, a kan sandarsa. Juya shi da hannu ka kasa kunne. Ƙara kamar ana niƙa yashi na nufin rulma, wato boris, ya ci ƙura. Da hunturunmu da garin katako wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ba tsada: yawancinsu lambobi ne na kowa da kowa, irin 6203, 6204, 6205, ana samunsu wurin masu kayan mota da babur. Abin tsoro shi ne in rulmar ta daɗe da mutuwa har ta cinye sanda ko ramin da take zaune. Wannan aikin mai injin tur ne, injin sassaƙa ƙarfe, kuma ba kullum yake dawowa daidai ba.

Yanzu riƙe alli ka dafa hannunka a jikin inji yadda ba zai motsa ba, bakin allin yana dab da gefen wili. Sa wani ya juya a hankali. In allin ya zana layi a zagaye duka, madalla. In ya taɓa nan ya tsallake can, wilin ya karkace ko sandarsa ta lanƙwashe. Ɗan kaɗan ana jurewa, wanda ido ke gani daga nesa kuwa a'a. Sai ka wulwula wilin ka bar shi ya tsaya da kansa, ka sa alama a wurin da ya kalli ƙasa, ka maimaita sau da dama. In kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa, gefe ɗaya ya fi nauyi, kuma shi ne zai sa inji rawa. Kafin ka yanke hukunci ka kankare garin katakon da ya daskare a bayan wilin, wani lokacin shi ne nauyin. A wilin ƙasa sai an cire bel za ka yi waɗannan gwaje-gwajen.

Robar da ke kan wili kuwa, ka ɗauka za ka canja ta. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ba ya barin roba ta tsufa da mutunci. Danna ta da farce. In ta yi tauri, ta tsattsage, ko haƙoran zarto sun haƙa mata kwari, ka sa ta a lissafi. In an naɗa tsinken tib ɗin babur a madadinta, ka sa ta a lissafi haka nan, ka kuma ɗauka cewa sauran gyare-gyaren injin ma da irin wannan hannu aka yi su.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfenka a fuskar wili biyun tare. Ya kamata su yi kusan layi ɗaya. Ɗan bambanci ana gyara shi da siririn zoben ƙarfe ko saiti. Juya hannun ɗaure zarto sama da ƙasa, ka ji ko zaren bulon ɗin na kamawa ko yana zamewa, ka dubi resor ɗin, wato sifirin, ko ya riga ya kwanta ya daina turawa.

Tun da zarton yana hannunka, dubi gindin haƙoransa. Ƙananan tsage-tsage a wurin suna nuna ana sa wa injin zarton da ya fi ƙarfin wilinsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kaurin zarto ya zama kusan kashi 1 cikin 1,000 na faɗin wili, wato mai 600 yana son wajen milimita 0.6. Tsawonsa kuma ka lissafa da kanka: tazarar tsakiyar wili zuwa tsakiyar wili sau 2, a haɗa da faɗin wili sau 3.14. In tazarar 1,300 ce, wilin 600, zarton ya kama milimita 4,484 ko kusa. Ka tabbata akwai mai yanka maka wannan tsawon ya haɗa bakinsa, da mai wasa shi, a garin da kake.

Jagora da tebur

Sama da tebur da ƙarƙashinsa akwai abubuwan da ke riƙe zarto ta gefe biyu da ta baya. Mutane suna duba na sama su manta na ƙasa, alhali na ƙasan ne ake yawan tararwa ya ɓace ko ya daskare. Ɗaga sandar jagora ka sauke ta. In tana sauka tana kauce wa zarto, duk lokacin da ka canja kaurin katako sai ka sake saiti, aikin da zai gundure ka cikin mako guda. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan tebur ta kowace fuska, musamman wurin tsagar da zarto ke shiga, ka haska tocila ta baya. Tsatsar sama takarda mai yashi da ɗan mai za su cire ta. Ka ƙirga abin da babu: shingen da katako ke bi, murfin zarto, ƙofofi, maɓallin tsayarwa. Kowanne kuɗi ne.

Sai a tayar

Taɓa moter kafin a kunna. In da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, sai ka ce a bari ya huce, ka sha shayi. Kana son ganin tashinsa daga sanyi. Sunkuya ka sansana ramukan iskarsa. Warin ƙuna, ko sabon baranis mai ƙyalli a kan wayoyin ciki, yana nuna an sake naɗa shi. Naɗi ba aibi ba ne in gwani ya yi, amma moter ɗin da aka naɗa ba ya cin kuɗin wanda ba a taɓa buɗewa ba.

Mai da zarto, haƙora suna kallon ƙasa, ka ɗaure shi har in ka tura da yatsa ta gefe ya motsa kamar milimita 5 ko 6. Juya da hannu ka ga ya zauna a wuri ɗaya. Rufe ƙofofi. Naɗe hannun riga, in da rawani ko gyale a wuya ka cire, ka kori yaran shago daga gefen inji.

Moter mai layi ɗaya da ke gurnani sai an tura shi da hannu, yawanci kondansater ne ya mutu, abu mai sauƙi. Tirifaze da ke juyawa baya, musanya waya biyu kawai ake yi. Bar shi ya yi gudu minti 15 zuwa 20. Mai lantarkinka ya auna abin da yake ja ya gwada da lambar da ke kan faranti, in tirifaze ne layukan uku su yi kusan daidai. Ɗauko tsabar dala 20 ka tsayar da ita a kan gefenta bisa tebur. A kan inji mai lafiya za ta tsaya ko ta ɗan yi rawa kafin ta faɗi. In ta faɗi nan take tana tafiya zuwa bakin tebur, koma ka nemo dalili: bel da ya bushe, fuli da ya karkace, ko wili. Dubi bayan zarton yana gudu. In yana zuwa gaba yana komawa baya, ko dai haɗin zarton ne ya karkace ko wili, shi ya sa sabon zarto ke da amfani a nan.

Sauke jagora dab da katakonka, ja layi da fensir, ka tsaga shi a tsaye ta wajen kaurinsa. Kada ka karɓi guntun farin katako mai laushi da mai inji zai miƙo maka, irin samba, wadda ko wuƙa na yanka ta. Saurari moter: in muryarsa ta faɗi da ka ɗan tura, ƙarfinsa bai kai ba ko bel na zamewa. Ɗora sikwaya a kan fuskar da ka yanka. In ta yi ciki kamar kwano, zarton bai ɗauru ba, sai ka ƙara ɗauri ka sake. In ka ƙure ɗauri abin bai canja ba, resor ya mutu ko gangar na lanƙwasawa, kuma na biyun ba shi da magani.

In aka ce maka babu wuta yau, ka ce za ka dawo gobe. In gobe ma babu, kuma ba a yarda a kawo gurup ba, ka yi wa injin kuɗin ƙarfe da ɗan ƙari.

Lissafi a takarda

Ga misali, lambobin na koyarwa ne, kai za ka sa na kasuwar ranar. A ce ka gano irin wannan inji, in yana cikin ƙoshin lafiya a shagonka, ya cancanci miliyan 1 da jika 300. Mai shi ya ce miliyan 1 da jika 200. A kunne kamar ka ci riba. Sai ka zauna ka jera: roba biyu jika 40, rulma da aikin sa su 35, zarto biyu 50, bel 10, jagorar ƙasa 45, maɓalli 30, mota da 'yan dako 25, jan waya zuwa inda zai tsaya 60. Sun tashi jika 295. Cire su daga miliyan 1 da jika 300, saura miliyan 1 da jika 5. Iyakarka ke nan, kuma ni zan ƙara rage wani abu saboda abin da bai nuna kansa ba tukuna.

Akwai lissafi na biyu da ya kamata ya yarda da na farko. Nawa kake biya a wata wurin masu yanka, har da kuɗin kai da kawo katako? Nawa maƙwabtanka kafintoci za su biya ka in injin ya zo? Cire kuɗin wuta da na wasa zarto. In abin da ya rage ba zai mai da maka kuɗinka cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba, farashin na iya zama daidai ga wani, amma ya yi wa shagonka yawa.

Ciniki da takarda

Kada ka kushe kayan mutum a gaban yaransa. Ja shi gefe da takardarka: “Maigida, injinka na da kyau, gangarsa lafiya lau. Ga abin da zan kashe kafin ya fara ciyar da ni, duba da kanka.” Ka taya ƙasa da iyakarka kaɗan don a samu wurin haɗuwa. In ya ce albarka, ka bar masa lambarka ka tafi ba tare da ɓacin rai ba. Inji mai kilo 300 ba ya samun mai saye kowace rana. In da dillali, a yanke tun farko wa zai biya la'ada kuma nawa, ka kuma nemi ganin mai kayan ido da ido.

Tambayi dalilin sayarwa da inda injin ya fito. In na gado ne, ka tabbata magada duka sun yarda, ba ɗa guda ne ya yi gaban kansa ba. In jikinsa na ɗauke da lambar wata ma'aikata ko makarantar koyon sana'a, ka nemi takardar da ta nuna an sayar da shi ta hanyar da ta dace. A rubuta takardar ciniki da sunan inji, lambarsa, lambar moter, kuɗin da aka biya, da shaidu biyu. Duk abin da aka ce yana cikin ciniki, tsofaffin zaratu, shinge, makullai, a loda shi tare da injin a ranar, don abin da aka ce za a aiko daga baya ba ya cika zuwa.

Wajen ɗauka, a cire zarto, a kwance tebur a ɗauke shi daban, kada kowa ya kama sandar jagora ko wili. In cikin Yamai ne, a tsaye a ɗaure shi ta wuya da igiya ta fuska huɗu. In Tawa za a kai shi, tafiyar kusan kilomita 550 ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni, a kwantar da shi ta bayan ginshiƙinsa a kan tsofaffin tayoyi, a ɗaure wilin sama kada ya yi ta bugawa a hanya, a rufe moter da leda saboda ƙura. In mai shi zai yarda, ka riƙe wani ɗan kaso na kuɗin har a haɗa injin da wutar shagonka, a sake tsaga guntun irokon nan a gabansa ko gaban wakilinsa, sannan ka cika masa.